Ranar da na hana a taɓa ƙafata

Wannan babin naku ne duka, amma Ummi ta fi kowa haƙƙi a kansa, don a kanta abin ya ƙare. Ummi, na san abin da aka gaya miki tun kina ƙarama, na kuma san an sake maimaita miki shi ranar sadakar ukun Goggonku, ana rabon waina, ana zaton kunnena ya yi nauyi. An ce uwarki ta ɓamɓare hannunki daga zaninta kina kuka, ta ratsa zaure gaban maza ba izini, ta faɗi maganar da mace mai kunya ba ta faɗi, ta yi tafiyarta. To, ba ƙarya aka yi miki ba, duk na yi. Abin da ba a gaya miki ba shi ne abin da ke cikin jikina a ranar, da abin da idona ya taɓa gani. Su zan rubuta da ɗan bokona na aji huɗu. Inda harafi ya karkace ku gyara, amma kada wanda ya gyara mini magana.

Sai na fara da Yaya Rakiya, wadda ba ku sani ba, don ta rasu ina shekara goma sha biyu. Ita ce babba a ɗakinmu, ta dawo gidanmu na Kwarbai a birnin Zariya wankan haihuwarta ta fari. Bayan suna da 'yan kwanaki ƙafarta ta hagu ta kumbura tun daga cinya har idon sawu, fatar ta miƙe tana sheƙi, in ka ɗora hannu sai ka ji zafi kamar murfin tukunya. Aka ce sanyi ne ya taru, aka kira mai tausa, ni aka miƙa wa ƙwaryar man shanu. Ina durƙushe ina kallo, matar tana kafa babban yatsa a bayan ƙwauri tana turo shi sama har cinya, Yaya tana cizon gefen zani. Da aka gama aka ce ta tashi ta taka don jini ya sauka. Ta tashi ta yi taku uku zuwa bakin ƙofa, ta dafe ƙirji ta ce numfashinta, leɓenta ya canza launi, kafin a kawo ruwa ta cika. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, ba mai wuce kwanansa. Amma ni na riƙe abu ɗaya a raina. Da safen nan tana zaune tana shan kunu tana yi mini tsiya a kan kitsona, ƙafa ce kaɗai ke mata ciwo. Bayan tausar ba ta kai azahar ba. Ban gaya wa kowa ba, don ba wanda ya tambaye ni, amma tun daga ranar ko warin man shanu na ji sai gabana ya faɗi.

Shekara bakwai bayan haka ina gidan kakanninku a Ƙofar Kuyambana, zamanin da soja suka sa mutane bin layi. Kakanku, Baba Malam, ya ajiye aikin magatakarda a kotun alƙali, yana wuni a zaure da littattafansa da abokansa. Babanku malamin gona ne na gwamnati, an tura shi wani ƙauye ta wajen Giwa, sai Juma'a biyu-biyu yake zuwa a kan babur. Cikin gida kuwa na kakarku Hajiya ne, ita ke raba hatsi, ita ke raba magana. Ba na so ku ɗauka muguwa ce. Mace ce mai tsafta, mai kyauta, in ta yi miyar kuka har maƙwabta kan aiko da kwano. Amma abu ɗaya take tsoro fiye da wuta, a ce an ambaci gidanta a bakin rijiya. Ke Ummi sunanta aka sa miki, ga ki 'yar fari, saboda haka ni ko sunanki ba ni da bakin kira, ko wasa da ke a gaban mutane. Ina ba ki nono ina kau da kai kamar ba ruwana, sai mun shiga ɗaki in riƙa sunsunar wuyanki.

Kina wata takwas na fara jin warin daddawa yana tayar mini da zuciya. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, na gane ciki ne. Ku 'yan yanzu ba za ku san nauyin wannan ba. Mace ta yi ciki tana goyo, shi ake ce wa rurrutsa, kuma a zamaninmu abin gori ne har jikoki. Za a ce ba ta da haƙuri, za a ce ta shayar da 'yarta gurɓataccen nono, a gidan biki a yi mata habaici da waƙa. Ba a taɓa cewa komai a kan mijin. Ni da ma mai fargaba ce tun fil'azal, in kaza ta yi tari sai na ce mutuwa za ta yi. Sai na yi abin da matsoraci ke yi, na yi shiru. Ko babanku ban gaya wa ba. Na ɗaure mara da ɗankwali, na ci gaba da daka da jan ruwa kamar kullum, Innata kuma ta riga ta rasu balle in kai mata kuka.

Cikin na wata uku, ana tsakiyar damina, ina jan guga da hantsi na ji marata ta murɗa, wani abu mai ɗumi ya bi ƙafata. Na lallaɓa makewayi. Abin da ya fito na naɗe a tsumma mai tsabta, na yi masa bisimilla, na binne a bayan ɗakina gindin lalle. Zan faɗi gaskiya tunda ita na zauna faɗi: bayan kuka, sauƙi na ji. Na ce shi ke nan, Allah ya rufa asiri, ba wanda ya sani. Ashe bai gama fita ba. Jini ya ƙi tsayawa, yau ya ragu gobe ya dawo da gudaji, ina wanke tsummoki ina shanyawa a ƙarƙashin gado don kada a gani, ga damina ba sa bushewa. A kwana na shida zazzaɓi ya shigo, a na takwas ni kaina na fara jin warin jikina. Ranar na tara Hajiya ta ɗaga labulena ta shigo, ta tsaya, ta ja hanci.

"Ma'u, kwana nawa rabonki da salla?"

"Tara, Hajiya."

"Mai goyon wata goma, da jinin kwana tara, da wannan warin? Ɗago ki dube ni."

Ban iya ɗagowa ba. Na gaya mata kaina a ƙasa. Ta yi salati ta zauna a bakin gado.

"Rurrutsa a gidana. Ni Hajara, da wane ido zan shiga gidan suna?" Sai ta rage murya. "Maganar nan ta mutu a ɗakin nan. Ko Malam kada ya ji. Tasalla za ta zo, ita bakinta da zare yake ɗinke."

Ta sunkuya ta ɗauke ki daga kan tabarma, ta ce nonon ya lalace, za ki kwana biyu a ɗakinta kafin in ji sauƙi. Baba Tasalla ita ce ungozomar unguwa, ita ta yanke wa babanku cibiya, ita ta yanke miki. Ta zo ta danna mini ciki ta ce sauran datti ne, ruwan zafi zai kore shi. Aka ɗora ni a kan wankan jego safe da yamma, tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ga kunun kanwa, aka ce in na fito wanka in kwanta kada in motsa. Kwana biyar ina kwance kamar itace, ina jin kukanki daga ɗakin Hajiya, nonona ya cika yana zuba a banza. Jinin bai tsaya ba. A kwana na huɗu na ji bayan ƙwaurina na hagu yana ja kamar an ɗaure da igiya. A na biyar, ranar Talata, na yaye zani da safe na ga ƙafar Yaya Rakiya a jikina. Kumburin iri ɗaya, sheƙin iri ɗaya, zafin iri ɗaya. Da na rarrafa makewayi na dawo, sai wani abu ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama kamar tsinken tsire, numfashina ya gajarce, na yi tari na ga zaren jini a tafin hannuna.

Da hantsi Baba Tasalla ta shigo, Hajiya na biye da ita da ƙaramar ƙwarya. Tun kafin in ga abin da ke ciki na ji warinsa.

"Sanyi ne ya sauka ƙafa," in ji Tasalla, tana naɗe hannun riga. "Miƙo ta nan in murje shi, gobe ki ganki kina daka."

"Baba, kada ki taɓa ƙafar nan."

"Me kika ce?"

"Na ce kada ki taɓa ta. A kai ni asibiti."

Ta dubi Hajiya ta yi dariya har haƙorinta ɗaya da ya rage ya bayyana.

"Kin ji likita! Ke yarinya, hannun nan shi ya karɓi mijinki yana tsirara. Ƙafa nawa na murza a garin nan tun uwarki ba ta san hanyar rijiya ba?"

"Nawa ne suka tashi, Baba?"

Na ji Hajiya ta ja numfashi. Ban taɓa mai da wa babba magana ba sai ranar, har muryata ban gane ta ba. Na gaya musu labarin Yaya, ina haki ina faɗi, taku uku da dafe ƙirji.

"Wannan kwananta ne ya ƙare," in ji Hajiya. "Ko kin fi Allah sani ne? Asibiti kuma, a kwance ki gaban maza, a rubuta sunan gidan nan a takarda, kafin la'asar duk birni ya ji? Riƙe mata kafaɗa zan yi, Tasalla, zafin zazzaɓi ne ke sa ta surutu."

Ta ajiye ƙwaryar ta nufo ni. A jikin bangon ɗakina akwai taɓaryar da na jingine tun ranar da na kwanta. Na miƙa hannu na jawo ta. Baba Tasalla ta yi tsalle baya, da tsufanta, har ta taka ƙwaryar man.

"La'ilaha! Duka za ta yi! Hajara, surukarki ta samu taɓuwa!"

Ba duka zan yi ba. Dogarawa na yi na miƙe, na ja mayafi na rufa, na fita tsakar gida ina jan ƙafa. Ban sani ba a lokacin cewa tafiyar ma haɗari ce, daga baya aka gaya mini. Abin da na sani kawai, in na zauna za a danne ni a murza. Ke Ummi kina zaune a bakin ɗakin Hajiya da ɗan ludayi a hannu. Kwana biyar ba ki gan ni ba. Kika yar da ludayin, kika rarrafo cikin taɓo da sauri, kika kama gefen zanina kika miƙe tsaye kina kuka kina neman nono. Ba zan iya sunkuyawa in ɗauke ki ba, numfashin da zan ɗauki kaina ma da ƙyar nake samu. Hajiya tana bayana tana cewa in dubi 'yar nan in ji tsoron Allah. Na dube ki. Abin da na gani ɗan Yaya Rakiya ne, wanda aka yi ta yawo da shi gida-gida ana neman mai shayarwa. Na sa hannu ɗaya na buɗe yatsunki, ƙanana, masu danƙon koko, na zare zanina na wuce.

A gidan Baba Malam mace ba ta ratsa zaure in maza na zaune, sai ta aika an tashi. Ranar su uku ne, shi da Liman na masallacin unguwa da Alhaji Ɗanjuma mai fataucin hatsi. Na yi sallama na shiga da taɓaryata, ba takalmi. Baba Malam ya ɗago, ya ga ni ce, ya mai da idonsa kan littafi.

"Lafiya, Ma'u?"

"Baba, asibiti nake so a kai ni."

"Koma ciki. Gata, ranar Juma'a, mijinki na tafe, in ya zo sai a duba."

"Ba zan kai Juma'a ba, Baba."

"Subhanallahi. Wa ya san gaibu? Zazzaɓin damina ne, Hajiya ta gaya mini."

Nan ne na gane bai san komai ba, kuma in na bar shi a haka zai mai da ni ciki da kyakkyawar niyya. Saura abu ɗaya ya rage mini in kashe, kunyata. Na kashe ta.

"Ba zazzaɓi ba ne. Ciki ne da ni wata uku, ina goyo. Ya zube yau sati biyu, bai gama fita ba, yana ruɓewa a cikina. Ga ƙafata." Na ɗage zani zuwa gwiwa. "Ga jinin da na yi tari. In an murza ƙafar nan gawata za ku sallata da azahar, Liman ma ga shi a zaune."

Liman ya sunkuyar da kai yana laluben takalminsa. Alhaji Ɗanjuma ya juya fuska bango yana ta a'uzubillahi. Na ratsa tsakaninsu na fita, na kai dakalin ƙofar gida, ƙafa ta ƙi, na zauna. Mata sun fara leƙowa ta kan katanga. Ina nan ina ƙirga numfashi sai ga Baba Malam ya fito, hularsa a karkace, bai ko ɗauki sandarsa ba. Bai dube ni ba. Ya ce da Alhaji Ɗanjuma ya kawo a-kori-kurarsa bakin lungu, don mota ba ta shiga lungunmu. Ya kira maƙwabtanmu mata biyu ya ce su ɗauke ni a tabarma, kada ƙafar ta taɓa ƙasa. A bayan motar aka shimfiɗa ni tsakanin buhunan dawa, shi ya shiga gaba, muka fita ta ƙofar gari zuwa asibitin Tudun Wada.

Abin da ya faru a asibiti rabinsa ban sani ba. Na tuna robar iska a hancina, da ƙarin jini, da wata Sista baƙa mai tsagar goshi, mutuniyar kudancin Zariya, da ta yanke mini ɗankwalin da na ɗaure mara da almakashi tana faɗa. Aka ce sai an yi wankin ciki, sai namiji ya sa hannu. Aka ce ina mijin, aka ce yana ƙauye. Baba Malam ya karɓi biro ya sa hannu da rubutun ajami, irin wanda ya yi shekara talatin yana yi a kotu, bai tambayi kowa komai ba. Bayan an kwashe abin da ya rage a mahaifa, jini ya tsaya, sannan aka fara yi mini allurar tsinka jini. Na ce da Sista, ni da jini ya kusa ƙarewa, me za a tsinka kuma? Ita ta zauna ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce ciki da zazzaɓi da doguwar kwanciya su suka sa jini ya daskare a babbar jijiyar cinyata ya toshe ta, shi ne kumburin. Wani ɗan guntu ya ɓalle ya bi jini ya tafi huhu, shi ne sukar da tarin.

"Ƙaramin ne ya tafi," in ji ta. "Babban yana nan a cinya. An murza miki?"

"An so. Na hana."

"Ke da wa?"

"Ni da taɓarya."

Ta yi dariya har ta dafa gado, ta kira likita ta gaya masa da Turanci, shi ma ya dube ni ya girgiza kai. Ya ce da an murza, da wuya in iso. Na tambaye shi labarin Yaya Rakiya, ko shi ne ya kashe ta. Ya ce shi bai gan ta ba, ba zai yi rantsuwa ba, amma yadda na faɗa ya yi kama. Shekara bakwai ina ɗauke da abin nan ni kaɗai, ina zaton ko wautar yarinta ce. Na juya bango na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita.

Babanku ya iso washegari, direban motar kasuwa ya kai masa saƙo. Ya ba da jininsa a madadin wanda aka ƙara mini, ya zo ya zauna a kujerar gefen gado yana juya hularsa. Ya yi mini sannu ya fi sau goma. Can ya kasa haƙuri.

"Amma ke ma, Ma'u, a gaban Liman? A gaban Alhaji Ɗanjuma, da bakinsa kamar rediyo?"

"Malam, cikin ni kaɗai na yi shi?"

Ya mai da hularsa kai. Allah ya ji ƙansa, har ya rasu bai sake tayar mini da maganar ba, amma kuma bai taɓa tsayawa gaban uwarsa a kanta ba. Kwana ashirin da uku na yi a gadon nan. Kullum sai kwanon Hajiya ya zo, koko da safe, tuwo da miyar kuka da rana, har da 'yar soyayyar kaza ranar Juma'a. Ita ba ta zo ba ko sau ɗaya, ba ta kuma bari an kawo ki ba. Nonona ya kumbura, ya yi ciwo, ya ƙafe.

Na dawo gida da bandeji tun daga sawu har cinya, da ƙwayoyin da zan sha wata shida, da kashedin kada in sake ɗaukar ciki sai na gama su. Labari kuwa ya riga ni isowa. Masu zuwa sannu suna gaishe ni suna kallon ƙafar, in sun fita in ji dariya a zaure. Wata ta ce mini a fuska, ai ni na huta, tunda na sauke kunya ba ni da sauran kaya. Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da na tarar a tsakar gida. Kin fara tafiya ba na nan. Na tsaya a bakin ɗakina na miƙa miki hannu, kika dube ni kamar baƙuwa, kika ruga kika ɓuya a bayan Hajiya. Na jira kwana biyu, kwana bakwai, ba a ce ga 'yarki ba. Na yi wa babanku magana, ya ce Hajiya ranta a ɓace yake, an ci mata mutunci gaban Tasalla da gaban gari. Ya ce in je in durƙusa in ce na tuba, in ta huce da kanta za ta miƙo ki.

Na je. Ƙafar ba ta lanƙwasuwa, sai na durƙusa da gwiwa ɗaya, ɗayar a miƙe a gefe. Hajiya tana kan darduma da carbi, ke kina barci a kan gadonta, an yi miki sabon kitso ba da hannuna ba.

"Hajiya, na tuba. Na yi rashin kunya, na fita ba izini, na ɓata sunan gida. Na tuba, na bi Allah na bi ki."

Sau uku na faɗa. Ta bari na gama.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya. Tashi, kada ƙafar ta motsa."

Ban tashi ba. Na ce, "Yarinyar fa?"

"Wace yarinya? Takwarata ta saba da ɗakina. Ke da ba ki da ƙafar goyo, ina za ki kai ta? Kuma 'yar fari ce. Yaushe aka fara bin 'yar fari ana roƙo, ko nan ma kunyar ta ƙare?"

Na dafa bango na miƙe na fito. Tsakanin ɗakina da nata taku goma sha biyu ne, na sha ƙirgawa. A wannan tazarar kika girma. Ina jin tarinki ba ni da ikon kai miki magani sai an kira ni. Kin koyi magana kina ce mini Ma'u kamar yadda kika ji ana faɗi, ba wanda ya gyara miki. Na haifi ƙannenki huɗu bayan haka, kowane ciki da allurai da zuwa awo, na goya su na yaye su da hannuna, kina kallonmu daga can. Daga ɗakin Hajiya aka ɗauke ki zuwa gidan miji, ita ta yi miki faɗan aure, ni ina wajen murhu ina kwasar tuwon baƙi. Na san abin da kika ɗauka a ranki, cewa na zaɓe su na bar ki, kuma ban taɓa zaunar da ke ba, don duk lokacin da na yi niyya sai in ji kamar zan ci naman wadda ta rene ki.

Akwai abubuwan da na tuba a kansu tsakanina da Allah, kuma har gobe ina tuba. Shirun da na yi wata biyu, da kwana taran da na ɓoye jini saboda tsoron bakin mata, da sauƙin da na ji a gindin lalle. Waɗannan laifina ne, kada wata cikinku ko cikin 'ya'yanku ta gaje su. Amma tuban da na yi a ɗakin Hajiya ba na Allah ba ne. Na faɗe shi ne don a ba ni ke, ba a kuma ba ni ba, ya zauna a can shekara da shekaru ana nuna shi a matsayin shaida cewa ni da bakina na amsa laifi. Ku maza in kun je maƙabarta ku yi wa Hajiya addu'a, ni ma ba na sallame salla ban sa ta ba, ta ciyar da ni, ta rene mini 'ya da gaskiya. Sai dai ku biyar ɗin nan ku zama shaidu, da hankalina, da hannuna na rubuta: wancan tuban na karɓe abina. Ban tuba ba.